Durom ɗin Auta

Ni dai karatun bokona bai yi nisa ba. Na yi firamare har zuwa ajin da malamin lissafi ya fara cusa baƙaƙe a tsakanin lambobi, na ga abin ya koma raini, na ɗauki jakata na bar masa ajinsa. Amma Allah bai bar ni haka ba. Abin da ya rage mini a ka, sai ya ƙara mini a hanci. Da hancin nan na ci abinci a Fatakwal tun gashina yana baƙi, da shi na yi aure, da shi na aurar da 'ya'ya. Da ana ba hanci takardar shaida, da tawa tana rataye a bango cikin gilashi.

Sana'armu a bayan tashar Mile 3 ita ce tsofaffin mazubai: jarkoki, galan-galan, bokitan fenti, da manyan durom ɗin nan na shuɗiyar roba. Ba ma ƙera komai, ba ma kuma barin komai ya mutu. Jarka ta zo daga Arewa da man gyaɗa, a juye, a wanke, ta koma da manja. Ta dawo ta tsufa, mai kananzir ya saye ta. Ta tsage a kafaɗa, a raba ta biyu, sama ya zama mazurari, ƙasa ya zama abin wanke-wanke. In ta gama lalacewa 'yan bola su ɗora ta a sikeli, a kai ta Anacha a narkar, ta dawo mana buta ko silifas, tana yi kamar ba ta taɓa ganinmu ba. Kwanaki na ji wani a rediyo yana ta zuba bayani, wai an fito da sabon tsarin arziki inda kaya zai riƙa zagayawa ba a jefar da shi. Na dubi rediyon na ce masa sannu da zuwa.

Sai dai zagayen nan yana da doka ɗaya, kuma ita ce dalilin da ya sa ake nemana. Roba tana da riƙo. Abin da aka zuba mata ba ta mantawa, ko da an wanke ta har hannu ya saɓule. Mazubi yana iya sauka daga man gyaɗa zuwa kananzir, amma ba ya sake hawa. To durom-durom ɗin Fatakwal daga harabar kamfanoni suke fitowa. Wani ruwan sukari ya ɗauko na masu yin lemo, wani sabulu, wani kuma irin magungunan nan na aikin mai da ake liƙa wa hoton ƙoƙon kan mutum. Kafin ya iso wurinmu ya bi hannu da hannu, an ɓare takardar, an dirje shi da omo yana ƙyalli. Matar da ta zo neman abin tara ruwan sha ba ta da yadda za ta bambanta.

Ga yadda nake yi, ko wani zai amfana. A ɗauraye durom da ruwa zalla, a kife shi ya bushe, a rufe murfin gam, a bar shi a rana daga hantsi zuwa azahar. Zafi ne yake sa roba ta yi magana. Sai in zo da alwalata, in gyara hula, in ɗaga murfin kaɗan, in shaƙi numfashin farko. Na biyu ba shi da amfani, iska ta riga ta shiga ta koya masa ƙarya. Daga nan in yanke hukunci: wannan na sha ne, wannan na wanki, wannan kuwa a kai wa magina su kwaɓa siminti. Wanda ya ci jarrabawar sha sai in ɗaura masa jan ƙyalle a wuya. Har matan da ba sa jin Hausa sun san jan ƙyallen nan. In suka shigo layinmu shi suke nema.

Wata damina na yi mura mai nauyi, a lokacin da baƙin hayaƙin nan yake sauka a garin, ka shanya farar riga ka kwashe ta kamar an goge tukunya da ita. Murar ta yi kwanakinta ta tafi. Ashe ba ita kaɗai ta tafi ba. Ranar da na koma kasuwa na bi ta gefen babbar kwatar tasha, ban ji komai ba. Har na tsaya ina sa wa waɗanda suka yashe ta albarka. Na leƙa, sai na ga tana nan yadda na bar ta, har da ƙari. Da na dawo gida na tarar da mai ɗakina tana daka daddawa, na sa hanci a turmin har sai da ta ja baya. Kamar na shinshina bango.

Na yi hayaƙin habbatus sauda. Na shaƙi citta, na shaƙi tafarnuwa, na yi atishawa har maƙwabta suka leƙo. Na je asibiti, likita ya haska fitila a ciki ya ce wani yana dawowa, wani ba ya dawowa, in yi haƙuri. Haƙurin dama da shi na zo.

Maƙwabcina a rumfa wani Bazazzagi ne, ni kuwa Bakano, saboda haka tun da muka haɗu ba mu taɓa yi wa juna maganar arziki ba. Shi na fara gaya wa.

Na ce, “Kai bawana, hancin ya yi ritaya.”

Ya ce, “Dama yaushe Bakano ya taɓa shinshina wani abu in ba ciniki ba?”

“Da gaske nake. Ko zarnin bayan masallacin tasha ba na ji.”

Ya dube ni ya ga ban yi dariya ba, amma ai ni ko wasa nake ba na dariya. Sai ya rage murya ya ce, “To yi shiru. Ka riƙa sa hancin dai mutane su gani. Wa zai leƙa ciki?”

Na ƙi. Na kwashe jajayen ƙyallayena na kai gida, mai ɗakina ta yi tsumman goge murhu da su. Ba a jima ba na ga jan ƙyalle ya tsiro a wuyan durom-durom daga farkon layi har ƙarshe, kamar an yi musu ankon biki. Kowa ya sayi yadinsa. Na bi rumfa-rumfa ina cewa ba ni na ɗaura ba. Na tare mata masu saye ina ce musu hancina ya mutu, kada su dogara da ƙyalle. A nan na gane abin da na yi wa kaina tsawon rayuwa. Ni ne mutumin da ya taɓa gaya wa sabon ɗan ci-rani, fuska a murtuke, cewa a Fatakwal sai an yi wa teku sallama kafin a yi fitsari. Wa zai yarda da ni yanzu? Matan suka yi ta dariya suna cewa tsohon nan ba ya tsufa. Ɗaya har ta dafa durom ta ce tunda ina tsaye kusa da shi, shi za ta ɗauka.

Ana cikin haka autata ta haihu. Tana aure a Inugu, a unguwar Asata, mijinta yana sayar da albasa a kasuwar Ogbete. Mace aka samu, aka sa mata sunan kakarta, ni kuwa na samu sabuwar amarya na sanar da tsohuwar cewa ta fara tattara kayanta. Duk wanda ya zauna a Inugu ya san sha'anin ruwa a can. Tanka tana zuwa ranar da ta ga dama, wanda ba shi da abin tarawa sai ya bi masu kura yana roƙo. Bayan suna auta ta kira ni a waya.

“Baba, durom nake so babba, na ruwan sha. Ga jaririya, bokitai ba sa isarmu.”

“To auta.”

“Kai za ka zaɓa da hancinka. Na riga na ba matan gidanmu labarinka, har Inyamuran ciki. Suna jira su gani.”

Na ce, “Auta, saurara da kyau. Hancin nan ya mutu tun damina.”

Ta yi dariya har na ji jaririyar ta farka. “Kai Baba! Allah ya ji ƙansa, yaushe ne sadakar uku? Ka sa a motar da za ta taso mako mai zuwa.”

Ta kashe waya.

Mai karatu zai ce me ya hana ni sayen sabo fil daga kanti. Na yi wannan tunanin. Manyan tankunan nan baƙaƙe ba za su shiga ɗakin auta ba, ɗaki ɗaya ne da 'yar baranda. Ƙananan kuwa da ake cewa sababbi, ai na san inda ake narka robarsu, na kuma san abin da muke aikawa can. Duk waɗanda na kora na ce a kai wa magina, in sun fashe sikeli ɗaya suke hawa da na kirki. Ban ce haka kowane sabo yake ba. Na ce ban sani ba, kuma da can sanin ne sana'ata.

Bazazzagi ya fito mini da wani daga ƙuryar rumfarsa, shuɗi shar, ko ƙwarzane babu.

Ya ce, “Na jikarka ne, ba zan cuce ka ba. Ruwan sukari ya ɗauko.”

“Wa ya ce?”

“Wanda ya sayar mini ya rantse.”

“Shi wa ya gaya masa?”

“Wanda ya sayar masa mana. Kai Bakano, so kake in kawo maka uwar durom ɗin ta ba da shaida?”

Na sa aka gungura mini shi gida. Na ɗauraye, na kife, na rufe, na sa a rana. Da azahar na kira mai ɗakina na ce yau za a naɗa ta sarautar hanci. Na nuna mata yadda ake ɗaga murfi, na ce numfashin farko kawai. Ta sunkuya ta shaƙa, ta ɗago.

“Me kika ji?”

“Warin roba.”

“Bayan robar fa?”

“Omo.”

“A ƙarƙashin omon. Akwai wani abu mai kama maƙogwaro? Ko mai sanyi-sanyi da yake hawa goshi? Ko wani ɗan zaƙi-zaƙi da bai yi kama da na abinci ba?”

Ta ce, “Malam, ni hancin miya gare ni. In gishiri ya yi yawa zan gaya maka. Wannan kuwa roba ce mai zafi.”

Na yi ta ƙoƙarin kwatanta mata. Sai a ranar na gane ban taɓa sa wa warin nan sunaye ba. Na san su kamar yadda mutum ya san muryar 'ya'yansa, amma ka ce ya kwatanta maka muryar, ka ga inda zai tsaya. Ban koya wa kowa ba domin ban taɓa tsammanin akwai abin koyarwa ba. Kuma ko da akwai, numfashin farko ya riga ya tafi, sai wata ranar.

Da hanci ya ƙi, sai na koma ga ilimi, wanda kun ji iyakar inda nawa ya tsaya. Na ce ai kifi a ruwa yake rayuwa, in ruwan yana da guba shi zai fara sani. Na hau bas har kasuwar Creek Road, na sami wata mai kifi a bakin ruwa, na zaɓi tarwaɗa mai rai, ƙatuwa mai gashin baki kamar tsohon ɗan sanda. Na cika durom da ruwa, na bar shi ya kwana, na sake ta a ciki. Kullum da safe sai in ɗaga murfi in gaishe ta. Tana nan tana juyi. Na jefa mata gutsuren burodi ta cafe. Kwanaki suka wuce ko mura ba ta yi ba. Na shiga kasuwa ina taƙama, na ce wa Bazazzagi na ɗauki likita aiki, kuma ba ya karɓar albashi.

Na koma Creek Road don in yi wa mai kifin godiya. Na yi mata bayanin binciken da na gudanar, da Turancina na kasuwa. Ta ajiye wuƙa ta dube ni. Sai ta kira ta kusa da ita ta maimaita mata, su biyu suka riƙe ciki.

Ta ce, “Aboki, dis fish? E dey live for gutter. E no dey die!”

Wato tarwaɗa ko a kwata ka jefa ta sai ta yi ƙiba. Ta nuna mini wasu a cikin wani baho, ruwan ya yi baƙi kamar an wanke gawayi, suna ta wasansu. Ni ɗan cikin birni ne, kifin da na sani tun ina yaro kyafaffe ne a kan tire. Duk kifayen da ke cikin kasuwar nan, na tsallake masu laushin rai na ɗauko wadda ba ta san mutuwa ba na ba ta aikin shaida.

Na dawo gida da la'asar na zauna a kan turmi. Mota za ta tashi washegari. Mai ɗakina ta karanta labarin a fuskata. Ta ɗauki moɗa ta nufi lungun da durom ɗinmu na gida yake, ta ɗebo mini ruwa. Ina sha tana tsaye, sai ta ce, “Malam, ga wanda ka sani.”

Na dubi durom ɗin. Rana da shekaru sun cinye shuɗinsa ya koma fari-fari. Akwai faci a kafaɗarsa inda na narka roba na toshe tsaga, murfin kuma da igiya ake ɗaure shi. Ni na shinshina shi da kaina lokacin auta tana goye, hancina yana kan ganiyarsa. Ruwan sukari ne, babu ko shakka, har ya daɗe yana ba ruwa ɗan ƙamshin lemo yara suna murna. Da ruwansa aka yaye ta. A duk duniya shi kaɗai ne durom ɗin da zan iya dafawa in rantse.

Na ce, “Mu kuma fa?”

Ta ce, “Mu sha a na Bazazzagi. Mu ai mun riga mun girma.”

Muka juye ruwan, muka kwashe tarwaɗar daga durom ɗin Bazazzagi muka sa ta a gindin wata jarka da aka raba, domin mai ɗakina ta ce ba za ta dafa abin da ba ta san me ya sha ba. Da safe na kai tsohon durom tasha. Masu lodi suka tambaya ko Anacha za a kai shi a narkar. Na ce su ɗaure shi da kyau, ya girme su.

Na so in kira auta in yi mata bayani tun kafin ya isa, na kira wayar ba ta shiga, na ce bari ya sauka tukuna. Ita ta riga ni kira, muryarta a ƙasa.

“Baba, ya iso.”

“Madalla. Ki ɗauraye shi da ruwa zalla, kada ki sa...”

“Matan gidan duk sun fito kallo, Baba. Da ka ce mini babu hali, ai da na haƙura.”

Na ce mata wannan ne durom ɗin da ta sha tun tana rarrafe, shi kaɗai na yarda da shi, hancina ba ya aiki. Ta ce to, irin to ɗin da ake ce wa tsoho don ya yi shiru. Jaririya tana kuka, ta ce za ta kira.

Sai bayan kwanaki ta kira, da fara'arta, ta huce.

“Baba, kada ka damu da maganar durom. Baban yarinya ya sayo wani a Ogbete, mai kyau, daga Fatakwal ma aka kawo su. Har da jan ƙyalle a wuya, irin naka.”

Na miƙe tsaye ban san na miƙe ba. Na ce, “Nawa fa? Wanda na aiko?”

“Yana nan, yana amfani. A ciki nake jiƙa nafkin ɗin yarinya da bilic, maganin nan na cire tabo.”

Na miƙa wa uwarta wayar, domin ita ba a taɓa jin ta yi wasa ba. Ta gaya mata komai a hankali: murar, daddawar, ƙyallayen da ta goge murhu da su.  Da aka dawo mini da wayar sai ta ce, “To Baba, in wanke naka in mayar da ruwan sha ciki?”

Dokar ba ni na kafa ta ba, amma ni na yi shekaru ina karanta wa mutane ita. Abin da ya sauka ba ya hawa. Ko yana hawa bayan bilic da kashin jariri, hanci ne zai faɗa, kuma babu shi.

“To yanzu yaya za mu yi, Baba?”

Na ce ta nemi randa ta riƙa cikawa ranar da tanka ta zo. Ta ce akwai, amma ba ta kaiwa ko'ina, in ta ƙare dole a koma durom. Na ce ta riƙa tafasawa, ina faɗa ina sane cewa tafasa ba ta fitar da irin abin da nake tsoro. Na ce zan zo Inugu. Ta ce in zo in yi me, ba da rashin kunya ba, tambaya ce kawai. 

Mai yiwuwa durom ɗin Ogbete ruwan sukari ya ɗauko. Mai yiwuwa na Bazazzagi ma haka, wanda muke sha yanzu ni da mai ɗakina, ita tana cewa ba ta jin komai, ni kuwa dama ba na ji. Duk ranar da auta ta kira sai in ce ta kara wayar a bakin amaryata in ji numfashinta, in tambaya ko tana cin abinci, ko cikinta lafiya. Auta ta ce lafiya lau, Baba. Yanzu ta daina dariya in na yi magana, abin da na daɗe ina nema, kuma bai yi mini daɗi ba.

Ina zuwa kasuwa har yau, in zauna a bakin rumfa, jajayen ƙyallaye suna kaɗawa daga farkon layi har ƙarshe. Tarwaɗar tana nan a gindin jarka a bayan ɗaki. Har ta yi ƙiba.